Bayan Raina

Malam Haliru ya sake bin takardar da yatsa, karo na uku ke nan, kuma a daidai inda yatsan ya tsaya ɗazu nan ya ƙara tsayawa. Ya tura tabarau zuwa goshi, ya dubi matar da ke tsugune a bakin ƙofar shagonsa, alhali ga benci nan babu kowa a kai.

"Malama Safiya, don Allah ki hau bencin nan."

"A'a, Malam, nan ma ya isa."

"To ga ruwa, na ga kin sha rana."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Ba ta ƙoshi ba. Tun da ta idar da sallar asuba ta baro Nariya, ko koko ba ta kurɓa ba, ga zafin bazara da ya sa duwatsun Rano suna huci tun hantsi. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Amma Safiya ke nan. Tun tana yarinya ba a taɓa miƙo mata abu ta karɓa a tayin farko ba, har mahaifinta Malam Mato ya laƙaba mata suna Na-ƙoshi, sunan kuwa ya bi ta gidan miji, ya dawo da ita gida bayan mijin ya rasu. Ga ta yau da shekara arba'in da uku da 'ya'ya uku, tana haɗiyar yawu a gaban ledar ruwa mai sanyi.

Shi Malam Haliru shekara talatin ya yi yana magatakarda a kotun shari'a. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shagon buga takardu, mutanen ƙauyuka kuma suka mayar da shi wurin kawo takardunsu ya duba kafin su doshi gaban alƙali. Safiya ba ta taɓa zuwa wurinsa ba sai yau. Jiya da yamma ne matar Liman ta tare ta a bakin rijiya ta raɗa mata cewa Liman ya ga takardar, ya daɗe yana girgiza kai. Yau kuwa bayan la'asar za a zauna rabon gadon Malam Mato, kwana arba'in da biyu da rasuwarsa. Shi ya sa ta fake da cefane ta taho.

"Bari in karanta miki kamar yadda take," in ji Malam Haliru. "'Ni Mato Muhyiddeen, ina cikin hankalina, babu wanda ya tilasta mini, na ba 'yata Safiya gonata ta Bakin Rafi, da rijiyar da ke ciki da ɗorawa huɗu.' Har nan babu abin da ya fi wannan kyau. Ga dangwalen yatsansa, ga shaidu biyu. Amma dubi nan." Ya juyo mata da takardar. "Kalma biyu, an matse su a saman layi da ƙananan baƙaƙe: 'bayan raina.' Da gani daga baya aka cusa su. Wa ya ƙara?"

Safiya ta sunkuyar da kai. Ranar tana nan a idonta kamar jiya, shekara uku ke nan. A lokacin idon Baba ya riga ya tafi, ita ce jagorarsa, ita ce mai tuwonsa, ita ce mai tsaya wa 'yan ƙwadago a gona. Ya sa aka kira ƙaninta Amiru, malamin firamare, da mai unguwa da wani maƙwabci, ya zauna a kan buzunsa ya faɗa, Amiru yana rubutawa. Da aka karanta sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, "Haba Baba! Kana zaune da ranka da lafiyarka in karɓi gonarka? Me duniya za ta ce? A ce na dawo gida don in gaje ka tun kana numfashi? Wallahi ba zan iya ba." Ta fashe da kuka. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kun ji Na-ƙoshi ko? To Amiru, ƙara mata 'bayan raina,' ko hankalinta ya kwanta." Mai unguwa ya yaba, ya ce 'ya ta gari ke nan. Kowa ya tashi yana sa mata albarka.

"Ni na sa aka ƙara," ta ce a hankali. Ta kwashe labarin ta gaya masa.

Malam Haliru ya ja numfashi, ya cire tabarau gaba ɗaya ya ajiye.

"Bayan an yi takardar, amfanin gonar rumbun wa yake shiga?"

"Na Baba."

"In za ki aiki yaro can, ina kike cewa ya je?"

"Gonar Baba."

"Ko sau ɗaya, a gaban mutane, kin taɓa cewa gonata?"

"Subhanallahi, Malam! Da wane bakin?"

"To, baiwar Allah, ki saurare ni da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Abin da mutum ya bayar yana raye, aka karɓa, aka riƙe, sunansa kyauta. Ya fita daga dukiyarsa, ranar rabon gado ko kallonsa ba a yi. Abin da ya ce a bayar bayan ransa kuwa sunansa wasiyya. Wasiyya tana da ƙa'idarta: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Ke kuwa 'yarsa ce, magajiya ce. Da jikarsa ya rubuta wa, ko maƙwabci, ko masallaci, da ta zauna daram in ba ta haura sulusi ba. Mahaifinki kyauta ya yi niyya. Kalma biyun nan su suka mayar da ita wasiyya."

"Amma ai kowa ya san nufinsa. Mai unguwa yana nan da ransa."

"Mai unguwa zai shaida abin da ya gani, abin da ya gani kuwa shi ne an ba ki kin ce ba kya so. Ko gaban wane alƙali kika je, abin da zai gaya miki ke nan, sai dai ki ƙara asarar kuɗin mota. Ku nawa ne magadan?"

"Mu uku. Yayana Alhaji Zakiyyu, da ni, da Amiru. Innarmu ta daɗe da rasuwa."

"Kashi biyar ke nan. Biyu, biyu, ɗaya. Ɗayan ne naki, a gonar da sauran abin da ya bari."

Safiya ta yi lissafi a zuci. Kashi ɗaya cikin biyar na Bakin Rafi bai fi fangali goma sha ba, kuma ta san ba ma yankawa za a yi ba. Yaya Zakiyyu ya riga ya samo mai saye, sayarwa za a yi a raba kuɗi. Kuɗi kuwa ba ya tsiro. A gonar nan take noman albasa da tattasai da rani, da kalwar ɗorawan nan take daddawa, da su take ciyar da marayunta, da su take riƙe babbarsu Afra'u a makarantar koyon aikin ungozoma. In gonar ta tafi, shekara biyu ta yi yawa kuɗin ya narke a cefane, ta koma 'yar aikatau a gonar da ta san kowane dutse na cikinta.

"Babu wata hanya ke nan, Malam?"

"Akwai guda ɗaya, amma ba a hannun alƙali take ba, a hannun 'yan'uwanki take. In sauran magada suka ce sun yarda, sun bar miki, to ta zauna. Sai dai a lokacin ba kyautar mahaifinki ba ce kuma, tasu ce, kowa daga kasonsa. Kyauta kuwa kamar murhu take, duwatsu uku gare ta. A ce an ba ki. Ki ce kin karɓa. Sannan ki shiga ki kama abinki, mutane su gani. In ɗaya ya faɗi, tukunya ta kife."

Ta kwance bakin mayafi ta fito da ɗari biyar da ta ƙudundune, ta ajiye a gefen tebur, tana jiran ya ce a'a ta ce don Allah. Sai kawai ya ɗauka ya jefa a aljihu.

"Na gode. Ni tun da na ga abin da kara take jawo wa mutane a kotu, ko ɓarin goro aka miƙo mini ba na cewa a bar shi." Ya ninke takardar ya miƙa mata. "Allah ya daidaita ku."

Ta fito ta bar ledar ruwan tana zufa a kan tebur.

A kasuwa ta sayi man gyaɗa da tsakin masara da ɗan nama, tana yi kamar ba ita ba, har mai nama ya kira ta ta dawo ta karɓi canjinta. Tana tsaye a bakin tasha da kaya a ka, tana jiran adaidaita sahun da zai yi wajen Kibiya ya cika, sai wata ƙaramar mota ruwan toka ta rage gudu a gabanta. Gilashi ya sauka.

"Na-ƙoshi! Me kike yi a Rano da ranar nan?"

Yaya Zakiyyu ne, daga Kano yake. A gefensa wani mutum ne da farar shadda da baƙin tabarau, yana latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba. Ba sai an gaya mata ko wane ne ba, mai sayen gonar ne.

Ta russuna. "Sannu da hanya, Yaya. Cefane na zo yi."

"To shigo mu tafi mana."

"A'a, Yaya, ku je kawai, ina da sauran..."

"To shi ke nan, sai kin iso."

Gilashi ya hau, mota ta wuce. Safiya ta bi ta da kallo da sauran maganar a bakinta. Babu wata sayayya da ta rage mata. Wani abu ne ya tsaya mata a rai wanda ba ta taɓa lura da shi ba sai yau: motar ba ta ma tsaya sosai ba. Ƙafafun motar suna ta gungurawa a hankali tun daga sallama har zuwa ban kwana, kuma kujerar baya cike take da buhuna, babu inda mutum zai zauna. Tayin da ya yi mata, ya yi ne don ya san amsar.

Ba wai mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi ya biya kuɗin aikin idon Baba har sau biyu, ko da yake ba a dace ba. Shi ya ɗauki nauyin karatun Amiru. Duk azumi buhun gero da na sukari ba sa yankewa. Mutum ne mai son a ce ya yi, in zai ba masallaci tabarma sai ranar Juma'a bayan an cika. Ta kuma san halin da yake ciki bana: babbar motarsa mai kai albasa kudu injinta ya buga tun watan jiya, tana can jingine a gareji, ga iyali sha uku suna kallonsa. Shi ma gonar nan yake hange kamar yadda take hange. Wannan ne ya fi ci mata rai, da azzalumi ne da abin ya zo da sauƙi.

A cikin adaidaita sahu, an matse ta tsakanin buhun taki da wata tsohuwa mai kaji, ta yi ta shirya maganar da za ta yi masa. Yaya, don girman Allah ka duba marayun nan. Yaya, ka san nufin Baba. Duk wadda ta ɗauko sai ta ji ta yi mata nauyi a baki. Ita da ko gishiri ba ta iya roƙa a maƙwabta, sai dai a ci miyar lami.

Ba ta bari an kai ta cikin gari ba, ta sauka a mararraba ta bi ta Bakin Rafi. An riga an cire albasa, fangalai sun bushe suna jiran ruwan farko, tattasai ne kawai ya rage kore a kusa da rijiya. A bakin gonar ga sawun ƙafar mota sabo fil, ga sawun takalma biyu sun bi iyaka tun daga kan dutse har gindin ɗorawar ƙarshe, taku manya-manya irin na mai aune. A gindin babbar ɗorawa kuwa dutsen da Baba yake zama yana nan, ya yi sulɓi. A nan yake wuni da sandarsa a tsakanin ƙafafu, ba ya gani, amma sai ya shaƙi iska ya ce, "Na-ƙoshi, albasar gabas tana son ruwa." In ta je ta duba, haka ne.

Ta sauke kayan ta zauna a ƙasa kusa da dutsen, don ko yanzu ba ta iya hawa kansa. Ta yi kuka mai isarta. Ba Yaya take jin haushi ba, ba Amiru ba, kanta take jin haushi. Tsoho ya hango mata yau tun shekara uku, ya tara shaidu, ya miƙo mata da hannu biyu, ita kuma ta tsaya neman a ce mata 'ya ta gari. To an ce. Ga shi nan sai ta dafa ta ba yara.

A gida ta tarar da Amiru a tsakar gida yana ta kai da kawowa. Da ya gan ta sai ya kau da ido.

"Yaya Safiya, Liman ya kira ni jiya. Wallahi tallahi ban san haka abin yake ba. Da hannuna na rubuta, ni ina ganin gyara na yi."

"Ba laifinka ba ne. An ce in kun yarda kun bar mini, ta zauna."

Ya sosa ƙeya. "Ni ai kin san ba ni da matsala. Amma ba zan iya shiga gaban Yaya Zakiyyu ba, kin san abin da ya yi mini. Duk abin da ya ce, shi ne nawa."

"Na sani," ta ce, ta wuce madafa.

Ta turara dambu da zogale, ta zuba man gyaɗa da soyayyar albasa yadda Innarsu take yi. Tun suna yara Zakiyyu ba shi da abin da yake so kamarsa, har dukan tsiya ya taɓa sha a kan ya buɗe madambaci kafin ya nuna. Ta ware masa nasa a kwano, ta rufe da faifai. Ko ita ba ta san dalilin da ya sa ta dafa shi yau ba, ko toshi ne ko kuwa sabo.

Bayan la'asar zaure ya cika. Liman Abdurrahman yana kan buzun marigayi, ga mai unguwa, ga dattawan unguwa uku, ga Zakiyyu ya baza babbar riga, Amiru ya rakuɓe a gefe. Baƙon mai farar shadda yana waje cikin mota. Safiya ta zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, rabin jikinta a bayan asabari, inda za a ji ta ba sai an gan ta sosai ba.

Aka yi addu'a. Liman ya tambaya ko ana bin marigayi wani abu, aka ce babu. Aka lissafa gida, da gonar tudu, da tumaki shida, da Bakin Rafi. Sannan ya buɗe takardar ya karanta, ya yi bayani, kuma bai bambanta da na Malam Haliru ba ko da harafi ɗaya. Ya ƙare da cewa, "Babu wasiyya ga magaji, sai fa in sauran magada sun zartar don kansu. Ba tilas a ciki. Wanda ya riƙe haƙƙinsa bai yi laifi ba."

Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, shari'a ita ce gaba, ba mu ja da ita. Amma ni ina wurin nan aka yi takardar. Malam Mato kyauta ya yi, yarinyar nan kunya ce ta hana ta. Shekara shida tana jan sandarsa. Ni dai abin da na gani ke nan."

Dattawa suka gyaɗa kai, idanu duka suka koma kan Zakiyyu. Ya gyara hula, ya yi murmushi irin na wanda ya saba da taro. Safiya ta buɗe baki za ta fara roƙon da ta shirya a hanya, muryar ta ƙi fita. Shi kuwa tasa ta fita tar.

"Ranka ya daɗe, ai ba sai an tuna mini ba. Wa ya kai ni sanin wahalar da Na-ƙoshi ta sha? Ni gona ba ta rufe mini ido ba, Allah ya sani. Don girman Baba, ku shaida, na bar mata kasona na Bakin Rafi in tana so. Ga ta nan, a tambaye ta." Ya juyo wajen asabari yana dariya. "Sai dai na san ƙanwata. Ba ta taɓa yarda a ce ta ci ita kaɗai ta bar 'yan'uwa ba. Halinta ne tun tana ƙarama."

"Madalla, madalla," in ji dattawa. "Alhaji ya yi halin girma."

Liman ya dubi Amiru. "Kai fa?"

"Abin da Yaya ya ce, ni ma haka. Na bar mata."

"To, Safiya, kin ji 'yan'uwanki. Me kika ce?"

Amsar tana nan a kan harshenta, a shirye, ta sha faɗinta har ta yi santsi. A'a wallahi, Yaya, Allah ya saka da alheri, a raba kawai. Ta san abin da zai biyo baya: za a ce kai, 'ya ta gari, Allah ya yi miki albarka, Zakiyyu ya tashi da girmansa da gonarsa, kowa ya fita yana yabon gidan Malam Mato. Ta hango fuskarsa ta tsakanin karan asabari. Ko kallonta ba ya yi, ya riga ya zaro waya daga aljihu, babban yatsansa yana kan lambar mutumin da ke waje. Motar ɗazu ce dai, tana gungurawa tun ba a amsa ba.

Ta tuna da babbar motarsa a gareji, da iyali sha uku, zuciyarta ta karye. Ta tuna da Afra'u, da ƙannenta biyu da ke bayan ɗaki suna saurare. Ta tuna da dariyar Baba da tarinsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Na karɓa."

Muryar ta fito siririya kamar ba tata ba. Liman ya karkato kunne.

"Ba mu ji ba."

Ta ɗaga asabarin da hannu, fuskarta ta fito fili a gaban taron dattawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na ce na karɓa, Allah gafarta Malam. Na gode wa Yaya, na gode wa Amiru. Allah ya saka musu da alheri. Na karɓa."

Yatsan Zakiyyu ya tsaya a kan waya. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, ya ɗan jima a wurin kamar baƙon da bai san an tashi ba. Ya dubi Liman, ya dubi mai unguwa, ya yi wata 'yar dariya.

"To, ai... ina nufin, sai mu zauna mu duba yadda..."

"Alhaji," in ji Liman a hankali, "ka ce mu shaida, mun kuwa shaida. Ko akwai wanda ya matsa maka?"

Magana zarar bunu ce. Dattawa biyar suna kallonsa, waɗanda yanzun nan suka gama ce masa mai halin girma. Safiya ta ga yadda furfura ta cinye masa gemu, abin da ba ta lura da shi ba sai yanzu. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta ce wasa take yi. Ta danne harshenta da haƙori.

"Babu," ya ce. "Babu wanda ya matsa mini."

Liman ya sa Amiru ya ɗauko biro. Wannan karon sai da aka karanta sau biyu, Liman yana bin kowace kalma da yatsa, kafin kowa ya sa hannu. Aka raba sauran, gida da gonar tudu da tumaki, biyu, biyu, ɗaya, Zakiyyu bai ƙara cewa uffan ba sai "to." Da aka shafa fatiha mai unguwa ya leƙo ta wajen asabari ya ce, "Ki ɗauko fartanya kafin magariba, ni da Liman za mu bi ta can mu gan ki a ciki." Babu wanda ya ce mata 'ya ta gari.

Ta shiga madafa da sauri ta ɗauko kwanon. Kafin ta fito har ya kai bakin mota, yana magana ƙasa-ƙasa da mai farar shadda, mutumin yana yarfa hannu. Ta tsaya daga nesa har suka gama, sannan ta matso ta durƙusa, ta ɗaga faifan. Ƙamshin man gyaɗa da albasa ya tashi.

"Yaya, ga dambu. Irin na Inna ne, tun rana na ware maka."

Ya dubi kwanon. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dube ta, ba da fushi ba, da wani irin kallo kamar na wanda ya haɗu da baƙuwa a hanya.

"Na ƙoshi, Safiya," ya ce.

Ya shiga mota ya ja ƙofa. Ta tsaya riƙe da kwanon har ƙarar injin ta ɓace a wajen mararraba. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta na yanka a bakinsa ba sai yau.

Rana ta yi ƙasa, can gabas hadari ya fara haɗuwa. Ta mayar da faifan ta rufe, ta ajiye kwanon a inuwar zaure ko Amiru zai ci. Ta shiga ɗakin Baba, ta laluba bayan ƙofa, ta ɗauko fartanyarsa.